Shekarar da Na Ajiye Waƙa

Ranar da kuka yi gayyar rufin ɗakin Habbobarku, mahaifiyata Inna, kun roƙe ni in ja muku waƙa, na ƙi. Na zauna a gindin dalbejiya da carbi a hannu ina kallonku kuna miƙa wa juna kwano, har kai Usman ka sauko daga kan tsani ka sake roƙona a gaban mutane, na girgiza kai. Na san abin da aka ce daga baya, don katangar gidanmu ba ta riƙe magana. Wasu sun ce rasuwar Inna ce ba ta sake ni ba. Wasu sun ce kunya ce, tunda ni na tafi ƙasar waje neman wannan rufin na dawo hannu rabbana. Uwarku kuwa ta ce taurin kai ne kawai, wai a haka ta aure ni. Kowa ya faɗi tasa, amma ba wanda ya dace. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda abin yake, tun da sauran haske a idona.

Ku kun tashi kun same ni manomi a hawasha, 'yar gonarmu ta ban ruwa, amma a shekarun ƙuruciyata ɗan dako ne ni, irin waɗanda ake ce wa attala. Da kaka ta kama sai mu bar ƙauyenmu na bakin tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonaki, mu bi ta garin Hajj Abdalla mu hau lori zuwa Hasahisa, inda ake gurzar auduga ana ɗaure ta manyan ƙunshi. Har yau in na rufe ido ina ganin safiyar wurin. Kaɗa tana yawo a iska, fara fat, tana sauka a hankali kan gira da gemu, sai ka ga samari duk sun zama tsofaffi kafin hantsi. Rana tana ratsowa ta hujin rufin mahazan, wato babban siton da ake tara kaya, ƙura tana juyi a cikinta. A wurin nan ba wanda yake ɗaga kaya shiru. Akwai mai jan waƙa, akwai 'yan amshi, ƙafa tana bin waƙa, baya yana bin ƙafa. In mai ja ya gaggauta kowa ya gaggauta, in ya sassauta kowa ya huta ba tare da an ce a huta ba.

Mai jan waƙarmu Kawu Sambo ne, wani dogon tsoho mai ido ɗaya wanda ya yi dako tun kafin a haife ni. Shi ya ji muryata ya ce in riƙa tsayawa kusa da shi. Wata rana muna loda mota, wani Bahaushe ɗan Rufa'a ya zame da kaya a bayansa, ya faɗi bai motsa ba. Kawu Sambo yana tsakiyar kalma ya haɗiye ta. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Kowa ya sauke abin da ke bayansa ya tsaya inda yake, mai mota yana ihu ba wanda ya dube shi. Sai da aka yayyafa wa mutumin ruwa ya farfaɗo, ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙafarsa, sannan Kawu ya ɗauki waƙar daga daidai kalmar da ya ajiye ta. Da muka zauna cin kisira ya jawo ni gefe.

“Haruna, ka gani? In mutum ya hwaɗi ƙarƙashin kaya, waƙa ta tsaya. Ba ka buɗa baki sai ya tashi da ƙahwarshi, ko a ce maka an ruhe shi. Ɗayan biyu. Ko mudir shugaban aiki ya zo, ko uban mudir. Ka jiya?”

“Na jiya, Kawu.”

Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba a lokacin. Na ajiye ta ne kamar yadda ake ajiye allura a jikin bango, sai ranar da aka nema.

Shekaru suka wuce. Masaƙun Hasahisa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, auduga ta ragu, tur'a ta cika da ciyawa har ruwa ba ya kaiwa ƙarshen gonaki. Kawu Sambo ya rasu, na gaji waƙarsa, amma sai a gayyar girbin dawa nake jan ta. A wannan lokacin ne Inna ta fara zancen ɗaki. Tun tana yarinya ta taɓa kwana a gidan wata yayarta a Rufa'a, a ɗaki mai rufin kwano, aka yi ruwa da asuba. Ta ce ba ta taɓa jin abu mai daɗi kamar ƙarar ruwan nan a kan kwano ba, kuma duk rayuwarta a ɗakin ƙasa ta yi ta, inda ruwa ba ya magana sai dai ya ɗiga a kan angarib, gadon nan namu na igiya. Ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Na lallaɓa na tayar da bango na jan bulo, na bar taga tana duban tur'a. Daga nan ƙarfina ya ƙare. Ɗakin ya tsaya baki buɗe yana kallon sama, tattabaru suka mai da shi nasu, Inna kuma kullum da safe sai ta je ta share shi kamar mai jiran baƙo.

Sai Bashir, ɗan ƙanwata da ke aiki a wani birni na Khalij, can ƙasashen Larabawa masu mai, ya bugo waya ya ce ana neman masu loda kaya a inda yake, zai iya shigar da sunana. Gidan ya kasu biyu. Uwarku ta ajiye jabana, tukunyar gahawa, ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Da wagga hurhura? Kai ya zol, ka duba madubi kuwa? Samari sunka tahi sunka dawo da ciwon baya, bare kai.”

“Hurhura ana rina ta,” na ce mata.

“Gwiwa hwa? Ita ma rina ta za ka yi?”

Inna tana gefe tana tsintar wake, ba ta ɗaga kai ba.

“Ku bar shi shi tahi. Ni dai in ji ruwa bisa kwano sau guda, halas, shi ke nan.”

Haka aka yi. Uwarku da ta fi kowa faɗa ita ta sayo baƙin rini a kasuwar Hajj Abdalla, ita ta shafa mini shi a gemu tana mita, har ta ɓata mini kunne ɗaya. Na fita daga ƙauyen nan da gemun saurayi da gwiwar tsoho, kuna dariya kuna ɗaga mini hannu.

Wurin da aka kai ni ban san da me zan kwatanta muku shi ba. Kanti ne da ba mai shigarsa. Mutane suna zaune a gidajensu suna taɓa waya, kaya kuma su taso daga wannan mahazan su je su same su. Girmansa ya fi ƙauyenmu har da maƙabarta. Ba taga ko ɗaya, fitilu farare ne a sama waɗanda ba sa sanin safe ko yamma, kwalaye suna tafe a kan bel su kaɗai kamar ruwa a tur'a. Wani lokaci kwali ya fashe in ga abin da ke ciki: cokali ɗaya tak a cikin ƙaton kwali, ko takalmin jariri, ko wata 'yar riga da aka ce ta kyanwa ce. Sai in tsaya ina tunanin mai shi, wane ne, yana da uwa, ya san akwai wani Haruna da ya taɓa kayansa? Ba a daɗe ana irin wannan tunanin, don kowa an ɗaura masa wata 'yar na'ura a hannu mai ƙirga motsinsa. In ka tsaya ta yi ƙara. In ka je shan ruwa, wanda yake can ƙarshen ginin, ta yi ƙara. In ka shiga bayi tana jiranka. Na yi aiki ƙarƙashin mudirai masu zafin rai, amma dukansu suna gajiya su je shan shayi. Wannan ba ta shan shayi.

Ni an sa ni a bakin ƙofa, inda manyan motoci ke ja da baya a cika su. Can sanyin injin ba ya kaiwa, zafin waje ne yake shigowa ya zauna. Muna jere, wannan ya miƙa wa wancan, mutanen ƙasashe iri-iri da ba mai jin harshen wani sai guntun Larabci. Wanda ke karɓa daga hannuna sunansa Shafik, wani siririn mutum daga ƙasar Bangaladash, mai yawan murmushi da tari. Ya taɓa nuna mini garinsu a waya. Ko'ina ruwa, gida a kan sanduna, wata yarinya, 'yarsa, a cikin kwalekwale, rufin gidan kuma kwano ne. Na ce masa uwata irin wannan take so. Ya buga yatsunsa a kan kwali, taf-taf-taf, yana kwaikwayon ruwan sama, muka yi dariya. Tun daga ranar in ya ga na yi shiru sai ya yi mini wannan ƙarar.

Ban yi niyyar waƙa ba. Jiki ne ya tuna. Wata rana hannuwanmu suna ta saɓawa, kwali yana faɗuwa tsakanin mutum da mutum, sai na ji bakina yana ja a hankali:

“Ɗauka ɗan uwa, kayan wani ne.”

Bashir da ke can gaba ya amsa don wasa, “Hayya!”

“Bayanka naka ne, ka lallaɓa shi.”

Wannan karon Shafik ne ya amsa, sai na kusa da shi, sai layin gaba ɗaya. Ba wanda ya san abin da nake faɗa sai Bashir, amma ba a bukatar sani. Hannuwa suka daidaita, kwali ya daina faɗuwa. Cikin 'yan makonni duk ƙofofin lodin nan da waƙata suke aiki, in na ja a tawa ƙofar sai amshi ya taso daga nesa yana dawowa. Masu lura da mu suka ƙyale, don motoci suna cika da wuri. Ni kuwa in ina ja sai fitilun nan su dushe a idona, in ga kaɗa tana sauka, in ga Kawu Sambo a jingine da ƙofa yana kaɗa kai. Na ji daɗi a watannin nan, ba zan ɓoye muku ba. Har na fara tambayar kuɗin kwano ta waya.

Sai bazara ta kai tsakiya, aka shiga wasu kwanaki na rangwame da kowa a birnin yake saye kamar gobe za a rufe duniya. Aka ƙara mana awoyi, fankar ƙofarmu ta mutu ba a gyara ba. Ranar da abin ya faru na miƙa kwali, ban ji an karɓa ba. Na waiga na ga Shafik a ƙasa, kwalin a kan ƙirjinsa, idonsa a buɗe yana kallon fitila. Ina tsakiyar kalma na haɗiye ta. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi shawara da kaina ba.

Amshi ya zo daga ƙofofin nesa, bai sami abin da zai bi ba, ya mutu. Layinmu ya tsaya. Na kusa da mu suka tsaya don su ga me ya tsayar da mu, haka shirun ya yi ta tafiya har ƙarshen ginin. Na'urorin hannunmu suka ɗauki ƙara gaba ɗaya kamar kwaɗi bayan ruwa. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi, ba motsi. Aka ce a koma aiki. Mutane suka juyo suna kallona, ni kuma ina kallon inda ya kwanta. Wani ya zauna a ƙasa, wani ma ya zauna. Kafin la'asar samarin da suka yi karatu sun hau kan kwalaye suna magana, a kawo ruwa kusa, a gyara fanka, a daina ƙirga wa mutum shigarsa bayi. Duk gaskiya suka faɗa. Washegari ba wanda ya ɗaga ko tsinke, wani ya ɗauki hoton abin ya watsa, aka ce har mutanen birni wasu sun daina saye daga kantin. A nan na fara jin ana cewa idirab, yajin aiki ke nan, ana kuma nuna ni da baki ana cewa ga shugaban can. Ni da ko sunan mai kamfanin ban sani ba.

Bashir ya same ni a masauki, fuskarsa duk ta faɗa.

“Kawu, don Allah. An ce za a kawo ruwa, za a gyara fanka. Mutane sun yarda su koma, kai kaɗai suke jira. Ka ja baiti guda, halas, kowa ya tashi.”

“Shafik ya tashi?”

“Ba wanda ya sani. An ce an mai da shi wani asibiti.”

“To ka binciko.”

“Kawu, nan ba Hasahisa ba ne! Ka tuna ɗakin Habboba.”

Na tuna. Ba abin da na fi tunawa. Ya fita yana share ido, ni ma na share nawa.

Aka kira ni ofishin mudir. Na zaci zan ga azzalumi, sai na ga wani mutum mai jajayen idanu da bai yi barci ba, ya ba ni kujera ya ba ni ruwan sanyi. Ya ce ya san ba ni da mugun nufi. Ya ce na sama da shi suna son sunan wanda ya tayar da abin, kuma duk hotunan ni suke nunawa. In na fita yanzu na ja waƙa aka koma aiki, zai ce ni na kashe wutar, in zauna. In na ƙi, ba abin da zai iya yi mini. Na tambaye shi labarin Shafik. Ya ce ba ma'aikacinsu ba ne kai tsaye, wani ɗan kwangila ne ya kawo shi, an mai da shi hannunsa. Ya rantse bai san ko yana raye ba, na kuma yarda da shi.

“Ya hajj,” ya ce, “waƙa ce fa kawai.”

Na so in yi masa bayani, Larabcina ya gudu. Ta gilashin ofishin ina hango mutane zaune a bakin ƙofofi. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, don na ga Inna tana share ɗakin nan, na ga hadari yana tasowa ta bayan tur'a. Amma abin da ke kunnena taf-taf-taf ne na yatsun Shafik a kan kwali. Na rufe bakina. Na ce masa malesh, ya yi haƙuri, ba zan iya ba. Bayan 'yan kwanaki aka buga mini fita ba dawowa. Na ji daga baya an kawo ruwan, an gyara fankar, an koma aiki shiru.

Na sauka a Hajj Abdalla da jaka ɗaya, rinin gemuna ya kode, rabi baƙi rabi fari. Kun riga kun ga hotona a waya, maƙwabta suna ta yi mini kirarin ɗan tawaye. Uwarku ta ɗora mini ruwan wanka. Na tarar da Inna a ɗakinta na ƙasa, ta rame. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina jiran ta ambaci kwano. Ita matar attal ce, ƙanwar attal, ta san waƙar tun kafin ni.

“Mutumin ya tashi?”

“Ban sani ba, Inna.”

“An ruhe shi?”

“Shi ma ban sani ba.”

Sai ta ce mini:

“To mi za ka rera? Ka yi shiru har ka sani.” Sai ta miƙo hannu ta ja gemuna. “Dubi yadda sunka maishe ka, awa akuya.”

Washegari ta sa aka kai mata angarib cikin ɗakin da ba rufi. Kullum da safe kafin rana ta yi zafi sai ta kwanta a can tana kallon tattabaru suna shiga suna fita, ta ce wai ita ɗakinta ya fi na kowa tsawo. Da na zauna kusa da ita nakan buga yatsuna a jikin katakon angarib, taf-taf-taf, ta lumshe ido tana murmushi. Iyakar ruwan da na iya ba ta ke nan. Ta rasu kafin damina ta faɗi.

Ku kuka girma kuka haɗa ƙarfi kuka rufe ɗakin, Allah ya yi muku albarka. Ruwan farko da ya sauka a kan kwanon nan na shiga na zauna ni kaɗai, na saurara mata har ya ɗauke, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Ba na cewa na yi daidai, ba na cewa na yi kuskure. Abin da aka damƙa mini ke nan, na riƙe. Bashir ya yi ta bincike har ya gaji, ɗan kwangilar ya sauya suna, lambar Shafik ta daina shiga.

Waƙar tana nan a maƙogwarona, a daidai kalmar da na ajiye ta. Ku da kuka san kan wayoyin nan, ga abin da nake roƙo. Akwai wani gari mai yawan ruwa, gida a kan sanduna, rufin kwano, da yarinya a kwalekwale wadda yanzu ta isa aure. In Allah ya sa kun dace da ita, kada ku cika ta da surutu. Ku tambaye ta ko babanta ya tashi.